Inci Huɗu

"Wata shida ka ce mini, Dogo. Da bakinka. Yau kuma ka zo mini da takarda kana cewa sati shida ya rage ka tafi wurin aikin?"

"Ba ni na rubuta ba, ranki ya daɗe. Karɓi ki karanta."

Ban karɓa ba. Hannuna ɗaya na riƙe da bokitin wankin zanin gadon Baba, ɗayan na kan ƙyauren ƙofar gida, shi kuma ya tsaya da takarda a miƙe kamar wanda aka aiko da sammaci. Shekara huɗu muna tare da mutumin nan, na san duk ranar da ya ce mini "ranki ya daɗe" akwai abin da yake tsoron faɗa.

"Faɗi sauran," na ce.

"Gidan ma'aikata sai mai iyali suke ba. Hajiya kuma ta ce... ta ce ba za ta tura ni wata uwa duniya ni kaɗai ba. Kin san tafiyar kwana biyu ce a mota."

"To ta bi ka mana."

"'Yar kafinta..."

"Ajiye wannan muryar, yau ba za ta ci ni ba."

Ya sauke hannunsa. Wallahi sai ya ba ni tausayi, tausayin kuma ya ƙara mini haushi. Shekara biyar yana yawo da takardun karatunsa ofis-ofis kafin wannan kamfanin ya kira shi, ga Hajiya mahaifiyarsa ga ƙanne uku a wuyansa. Ni ce na fi kowa yi masa addu'ar samun aikin. Ga shi addu'ar ta karɓu, ta zo ta same ni da bokiti a hannu.

"Hajiya za ta zo duba Baba nan da sati biyu," ya ce a hankali. "Ta ce in ta ga ya miƙe yana yi wa kansa abubuwa, a sa rana kawai kafin in tafi. In kuwa ba haka ba..."

"In ba haka ba me?"

"Ta ce ba za ta ɗauki alhakin raba tsoho marar lafiya da 'yarsa ba. Kuma ba za ta ci gaba da kallona ina jiran gawon shanu ba."

"Ta yi gaskiya."

"Kada ki ce haka, hasken idona."

"To ƙarya ta yi? Shekarar farko na ce ka bari Inna ta warke. Ba ta warke ba. Daga nan na ce ka bari Baba ya saba da rashinta. Yanzu ga ƙugu. Ni ma da ɗana ne kai, da tuni na ja kunnenka daga ƙofar gidan nan."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ina son ki ko kina faɗa," ya ce. "Ki gaida Baba, ba zan shiga da wannan fuskar ba."

Har ya sha kwana ina tsaye. Sai da na juyo na ga tagar falo a buɗe, labulen yana ɗan motsi. Na manta gadon Baba a gindinta yake. Mutumin da ke gane ƙusa ta lanƙwashe daga ƙarar guduma kawai, ai ba maganarmu ce za ta wuce kunnensa ba.

Sati uku ke nan da aka yi wa Baba aiki. Ƙashin ƙugunsa na dama ne ya cinye. Shekara da shekaru yana ɗingishi yana cewa sanyi ne, har ranar da ya kasa tashi daga kan bencin shagonsa. Likitoci suka cire kan ƙashin suka sa masa na ƙarfe. Da muka dawo gida na jawo gadonsa falo, saboda ɗakinsa akwai 'yar matakala a bakin ƙofa, na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa.

Mu biyu ne a gidan. Yayana yana can wata ƙasa da iyalinsa, shi dai ya iya turo saƙon murya mai minti bakwai yana koya mini yadda ake jinya.

Ni ke juya Baba, ni ke sa masa filo tsakanin gwiwoyi in zai kwanta, ni ke wanke masa ƙafa in zai yi alwala don an hana shi sunkuyawa. Duk lokacin da na durƙusa gabansa da buta sai ya mayar da fuskarsa bango. Ban taɓa ce masa na lura ba.

Akwai matar da ke zuwa sau biyu a sati tana yi masa gashi tana koya masa tafiya. Baba ya sa mata suna Sajan, don ba ta dariya ba ta lallashi. Ranar farko ta kafa masa dokoki: kada ya harɗe ƙafa, kada ya sunkuya, kuma kada ya kuskura ya zauna inda gwiwarsa za ta ɗara ƙugunsa tudu.

"In ka yi, ƙarfen zai goce daga gurbinsa," ta ce. "Kuma ba na yi maka fatan jin wannan azabar."

Sannan ta juya ta kalli kujerarsa.

Kujerar nan ta girme ni da wata biyu. Baba ya yi ta ne lokacin Inna na da cikina, 'yar gajeruwa, mai zurfi, da hannuwa masu santsi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, katako ne ya shiga cikin katako ya riƙe ɗan'uwansa. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ya ji wannan labarin, ko yana so ko ba ya so.

Sajan ta karɓi tef ɗin awonsa ta auna.

"Ta yi ƙasa da inci huɗu. A ƙara mata tsawo, ko a fitar da ita."

"Kujerar ce ta yi ƙasa, ko ke ce Allah ya zuba wa tsawo?" in ji Baba.

"Inci huɗu, Malam."

Kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta dole. Rana ta uku ya ce in je shago in ɗauko zarto da guntun katako mai kauri. A shagon nan na yi rarrafe, na san riƙon zarto tun kafin in san riƙon alƙalami. Yana kwance yana ba ni umarni, fensirinsa maƙale a bayan kunne kamar mai shirin fita aiki.

"Kada ki danne shi, Uwata. Bar zarto ya ci da kansa."

Na yanka guda huɗu, na goge su da sanfefa. Da na ɗauko robar gam sai ya ɗaga hannu.

"Ajiye wannan. Ƙusa biyu-biyu ta isa."

"Baba, gam ya fi riƙewa."

"Shi ya sa. Ƙusa baƙuwa ce, in ta gama kwanakinta a zare ta. Gam kuwa mutu-ka-raba ne. Abin nan na ɗan lokaci ne, ko ke kin yanke mini zama gurgu?"

Na buga ƙusoshin, kowace guduma yana runtse ido kamar a jikinsa nake bugawa. Da na tsayar da ita ya daɗe yana kallo.

"Kin sa wa kujerata takalma," ya ce. "Dubi yadda ta koma, kamar 'yar ƙauye ta ari na yayarta."

To wannan kujerar ce yake zaune a kai ranar da muka yi faɗa da Dogo a ƙofar gida... a'a, a gado yake, na faɗa muku. Da na shigo ya rufe ido yana minsharin ƙarya. Baba bai iya ƙarya ba ko a barci.

Washegari ya tashe ni da cewa in miƙo masa jakinsa. Haka yake kiran ƙarfen dogarawar nan mai ƙafa huɗu.

"Sajan ta ce sau uku a rana," na ce. "Ka riga ka yi na safe."

"Sajan ce ta haife ni?"

Daga gadonsa zuwa ƙofar falo tayil tara ne. Da, sai ya huta sau biyu kafin ya kai. Cikin kwana biyar ya koma yana zuwa ya dawo sau goma, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Ya sa maƙwabcinmu ya kawo masa sanda mai lanƙwasa. Ya fara sa riga da kansa, ya hana ni wanke masa ƙafa, ya ɗaura soso a jikin wani dogon katako yana yi.

"Baba, me kake yi haka?"

"Warkewa nake. Laifi ne?"

"Ka ji maganarmu ranar nan."

"Wace magana? Ni kurma ne, tambayi uwarki in kun haɗu."

Na yi dariya, sai kuma na shige kicin na yi kukana. Na san dalilin da yake yi. Na kuma san ya kamata in zauna gabansa in ce, Baba, bi a hankali, ba inda za ni. Ban faɗa ba. Duk tayil ɗin da ya ƙara, zuciyata sai ta yi tsalle, in ɗauki waya in rubuta wa Dogo: yau ya yi goma sha biyu, masoyina.

Sajan ma ta yaba, a irin nata yabon. "Ba laifi," ta ce. "Amma ciki bai gama kamawa ba. Naman da ke riƙe ƙarfen ɗanye ne har yanzu. Dokokina suna nan."

Ranar Asabar ɗin da Hajiya za ta zo, tun hantsi Baba ya sa na ciro masa farar rigarsa na goge. Ya ce in rufe gado da sabon zani, in kai jakinsa bayan ƙofar kicin.

"Ba na son matar nan ta shigo ta ji warin asibiti."

Bayan azahar ya ce in miƙo masa hamma, wai wata ƙusa ta fito a jikin gado tana kama masa riga. Na miƙa. Sai kuma ya ce kofunanmu duk sun yi tabo, in je babban kanti in sayo sababbi, ba na bakin layi ba.

Ni kuwa hankalina na kan wace riga zan sa. Na tafi.

Na dawo ke nan, ban ko ajiye leda ba, na ji tsayuwar mota. Dogo ya aro ta abokinsa. Na yi wuf na shiga falo don in gyara wa Baba zama, sai na same shi a tsaye, da farar riga da hula, hannu ɗaya a kan sanda, fensir a bayan kunne. Rabon da in gan shi haka tun Inna na da rai.

Sannan na ga kujerar.

Ta koma 'yar gajeruwarta. Takalman babu. Daga baya na gane yadda ya yi: da lanƙwasar sanda ya jawo ta ya kifar a kan katifa, ya zauna bakin gado ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya tura guntayen ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya.

"Baba..."

Ya kalle ni. Irin kallon da yake yi mini ina ƙarama in na zo zan yi magana gaban mai sayen kaya.

"Salamu alaikum," in ji muryar Hajiya daga bakin ƙofa.

A nan ne zan faɗi gaskiyar da ban taɓa faɗa wa yayana ba. Ina da lokaci. Da na ce, Baba zauna a bakin gado, da na jefa filo biyu a kan kujerar, da na buɗe baki gaban kowa na ce likita ya hana, da an wuce wurin. Amma sai Hajiya ta ga marar lafiya. Na kalli kujerar, na kalli Dogo da ke shigowa bayan mahaifiyarsa yana yi mini murmushi, na ja bakina na yi shiru. Ni ma ina so.

Baba ya taka da sandarsa, ɗaya, biyu, uku, ya tare su. Ya dawo ya dafa hannuwan kujerar ya sauka a hankali, ya yi ta sauka, har gwiwoyinsa suka taso sama. Ba abin da ya faru. Ya jingina ya yi murmushi.

"Masha Allah," Hajiya ta ce. "Malam, ai ni an ce mini kana kwance sai an juya ka."

"Masu faɗa sun faɗa, Hajiya. Ga ni dai."

Na kawo shayi a sababbin kofuna. Hajiya mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta tambayi aikin, ta tambayi abincinsa, ta tambayi wa zai riƙa kwana da shi in na tafi. Baba ya ce ɗan ƙanwarsa zai dawo gidan, shi kuma wata mai zuwa zai buɗe shago.

"Wannan kujera aikin hannunka ce?"

"Shekara ashirin da takwas," in ji Baba, yana shafa hannunta. "Duba ki gani, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta."

Kafin shayi ya huce an sa rana. Sati uku. Dogo na zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai, amma ina ganin kunnuwansa suna dariya.

Da suka miƙe tafiya Baba ya ce bari ya taka musu. Ya dafa hannuwan kujerar, ya sunkuyo gaba don ya ɗago daga zurfinta. Na ji wata 'yar ƙara, ƙut, kamar an tura durowa ta rufe. Ya koma ya zauna.

"Uwata, raka su," ya ce. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. "Ni tsufa ya ce in zauna. Hajiya, a yi mini afuwa."

Na ce wa kaina kujerar ce ta yi ƙara. Alhali tun da aka haife ni kujerar Baba ba ta taɓa ƙara ba.

Na raka su. Hajiya ta shiga mota, Dogo ya tsaya da ni a jikin ƙyaure.

"Sati uku, 'yar kafinta."

"Na ji, ai ina wurin."

"An ce gidan taga uku gare shi. Wane irin labule kike so?"

"Ruwan toka."

"Haba, amarya da ruwan toka? Sai ka ce ofishin haraji."

Minti goma muka yi muna gardamar labule. Na duba wayata daga baya, minti goma ne cif. Ban taɓa jin daɗi irin na minti goman nan ba, kuma ba na jin zan sake.

Da na koma falo Baba na nan inda na bar shi. Farar rigar ta jiƙe sharkaf ta manne masa. Ƙafarsa ta dama ta juya ciki, ta gajarce. Fensirinsa na cikin bakinsa, ya cije shi har ya rabe biyu.

Ya tofar da guntayen.

"Sun tafi?"

"Baba... Innalillahi, Baba..."

"Sun tafi, na ce?"

"Sun tafi."

"To nemo mota. Kada ki kira yaron nan. Uwata, kada ki kira shi."

Na kira shi. Wa zan kira? Ko ƙarshen layi ba su kai ba. Shi ya ɗauki Baba kamar jariri, a lokacin ne Baba ya saki ƙarar da yake riƙewa, ƙarar da har gobe nake ji in gida ya yi tsit. Hajiya ta fito daga motar ta ba mu wuri. Tana tsaye a bakin titi da jakarta, ta ga komai.

Likita ya ce ƙarfen ya goce, kuma ƙashin da ke riƙe da shi ya tsage. Aka sake shiga da shi ɗakin tiyata. Da aka fito ya ce wata uku ba zai taka ƙafar ba.

"Bayan wata ukun fa?" na tambaya.

"Ƙashin tsoho ne, kuma an taɓa shi sau biyu. Ba zan ba ki rana ba."

Sajan ta zo duba shi. Na shirya wa faɗanta, sai ba ta yi ba, wannan ya fi ciwo.

"Wa ya cire katakon?"

"Ni," in ji Baba.

Ta juyo gare ni. "Ke kina ina?"

"Ina wurin," na ce.

Saura kwana huɗu Dogo ya tafi muka zauna a bencin barandar asibiti da la'asar. Masu jinya na ta wucewa da kwanuka da flas. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Mu tafi da shi," ya ce.

"Kwana biyu a mota? Gidan kuma ka ce hawa na uku ne."

"To in bar aikin."

"Ka bari in ga. Ƙannenka su ci me, soyayya?"

"A ɗaura auren ki zauna nan, in riƙa zuwa."

"Har yaushe? Likita ma ya ƙi ba ni rana, kai ne zan ba? Shekara huɗu na riƙe ka da bari-bari, Dogo. Ba zan ƙara ɗaure ka a ƙafar gadon asibiti ba."

"Ba ke kika jawo ba, masoyiyata. Ƙaddara ce."

"Na ga kujerar."

Ya kalle ni.

"Kafin ku shigo na gani. Na ji ƙarar ma. Na fito na tsaya ina yi maka zancen labule, ubana na ciki yana cin fensir." Na kawar da kaina. "Duk ranar da na kalle ka minti goman nan zan gani. Kai ma ka sani yanzu, kai ma za ka riƙa gani."

Bai ce a'a ba. Ya rufe fuskarsa da tafukansa, kafaɗunsa na rawa, ƙaton mutum a bainar jama'a. Na so in dafa shi, na riƙe hannuna da ɗayan.

"Zan jira," ya ce daga ƙarshe.

Na san har zuciyarsa ya faɗa. Amma na ji gajiyar da ke cikin muryar, irin ta wanda ya ɗauko kaya daga nesa aka ce masa ba nan ne gidan ba.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce. "Ka riƙa cin abinci."

Watan farko kullum sai ya kira. Na biyu, ranar hutu. Ni ma na rage ɗauka, don ba ni da labarin da zan ba shi sai na ciwon baya da na magani. Makaranta suka gaji da jirana suka ɗauki wata. Ɗan ƙanwar Baba da aka ce zai dawo gidan, ashe ko labarin bai taɓa ji ba.

A wata na bakwai Hajiya ta zo da kanta. Ba ta aiko ba, na yaba mata da wannan. Ta zauna a bakin gadona ta riƙe hannuna, ta daɗe tana kame-kame kafin ta ce an samar masa wata a can, 'yar abokin aikinsa.

"Ki yafe mini, 'yata. Wallahi ke na so."

"Ba komai, Hajiya. Allah ya sanya alheri."

Na raka ta har ƙofa, na rufe, na jingina da ƙyauren. Tagar falo a buɗe take.

Baba bai yi minsharin ƙarya ba wannan karon. Yana kwance yana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Ya koma rabin yadda yake. Yanzu tayil biyu yake yi da jakinsa, in ya yi uku sai mun yi kwana biyu muna jinya.

"Na so in ba ki aure," ya ce, "sai na cinye miki shi."

"Mu biyu muka ci, Baba."

"Garin neman gira..."

"Ya isa. Sajan ta ce yau ka fara zama a kujera, bayanka ya fara ciwo. Bari in gyara ta."

Na durƙusa na laluba ƙarƙashin gado. Guda huɗun na nan inda ya tura su, sun sha ƙura, har da ƙusoshin, ya miƙar da su ya jera a gefe kamar yadda ya saba don kada a yi asara. Na goge su da gefen zanina, na kifar da kujerar, na daidaita na farko a kan tsohon raminsa. Na ɗaga hamma.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

Yana kallon kujerar, ƙafafunta huɗu a sama.

"Ajiye ƙusar nan," ya ce. "Ɗauko gam."

Na je kicin na ɗauko. Bakin robar ya bushe, sai da na huda shi da ƙusa kafin ya zubo.